Tarihin Libarba da Maƙerinta Samuel Colt

A cikin kayan da mutum ke saye da kuɗinsa, akwai waɗanda in sun ƙi aiki sai a yi tsaki a ajiye, akwai kuwa waɗanda in sun ƙi aiki sai a yi jana'iza. Fitila in ta mutu a kwana cikin duhu, gobe a kai wa mai gyara. Amma sojan da bindigarsa ta cije ana tsakiyar yaƙi, ba shi da wata gobe da zai kai ƙara. Saboda haka mu ka ga ya kamata a wannan mako mu ba 'yan makaranta labarin ƙaramar bindigar nan ta hannu da a ke kira libarba, da na mutumin Amurka da ya sa ta shahara, watau Samuel Colt. Ba don sha'awar makami mu ka zaɓi labarin ba. Mun zaɓe shi ne don da wuya a sami wani wanda ya fi shi nuna abin da ke tsakanin maƙeri da mai saye: ko abin yana aiki, ko kuɗinsa ya yi daidai da amfaninsa, ko kuwa maƙerin yana sauraron kuka bayan ya karɓi kuɗi.

Kafin zamanin Colt, yawancin bindigogin hannu sau ɗaya su ke tashi. In mutum ya harba, sai ya tsaya ya zuba albarushi ta baki, ya cusa dalma, ya danna, sa'an nan ya sake ɗanawa. Kafin ya gama, mai mashi ko mai kwari da baka ya iso gare shi. Maƙera da yawa sun nemi maganin wannan, har a 1818 wani Elisha Collier ya fito da bindiga mai juyi a Ingila, sai dai da hannu a ke juya ta, ga ta da tsada, ba ta kuwa yaɗu ba.

An haifi Samuel Colt a garin Hartford, cikin jihar Connecticut, a 1814. Yana da shekara 16 aka sa shi aikin jirgin ruwa mai zuwa Kalkata ta ƙasar Hindu, a cikin wannan tafiya ce ya sassaƙa siffar bindigarsa da itace. Dabarar ita ce a yi wani dunƙulen ƙarfe mai ramuka a kewaye, mu kira shi ganga, kowane rami da albarushinsa da dalmarsa. Da mutum ya ja guduman bindiga baya da babban yatsa, sai gangar ta juya da kanta, ta kawo sabon rami daidai da bututu, ta kulle. Da ya komo gida ba shi da kuɗin biyan maƙera, sai ya shiga yawon garuruwa yana kiran kansa likita, yana shaƙa wa mutane iskar nan mai sa dariya, 'yan kallo suna biya. Da abin da ya tara ya sa aka ƙera masa samfur. A 1835 ya sami takardar Gwamnatin Ingila wadda ta hana kowa kwaikwayon dabararsa, a 1836 kuma ya sami irinta a Amurka. A shekarar nan aka kafa kamfani a garin Paterson don ƙera bindigar.

To, a nan ne ya fara gane cewa dabara daban, kayan aiki daban. Libarba ta Paterson tashi biyar ta ke yi, amma tana da ƙananan ƙarafa da yawa a ciki, kunamarta tana ɓoye sai an ɗana ta fito, kuma na farko-farko sai an cire bututun kafin a yi musu ɗuri. A 1837 hafsoshin soja su ka gwada bindigogin Colt a West Point, su ka ce ba su dace da soja ba, don suna da wuyar sha'ani, suna da saurin lalacewa, kuma wani lokaci wuta kan tsallaka daga rami zuwa rami, ramuka biyu ko uku su tashi gaba ɗaya. Ga tsada, ga shi a shekarar nan kasuwa ta faɗi a Amurka duka. Colt kuwa yana ta kashe kuɗin masu jari wajen yi wa manya liyafa a Washington, wai ko ya sami kwangila. A 1842 kamfanin ya karye, aka yi gwanjon kayansa. Colt ya koma neman abinci ta wasu hanyoyi, har ya yi aikin wayar tangaraho ta ƙarƙashin ruwa tare da Samuel Morse.

Ashe can nesa akwai waɗanda su ka ga amfanin abin da hafsoshi su ka ƙi. A lokacin nan Texas ƙasa ce mai zaman kanta, a 1839 kuwa ta sayi libarba 180 don sojojinta na ruwa. Daga baya bindigogin su ka faɗa hannun dakarun doki masu tsaron iyaka, waɗanda ke ƙarƙashin Kyaftin John Hays. A 1844 Hays da mutanensa, su wajen 15, su ka yi karo da mayaƙan Komanci da su ka ninka su sau huɗu ko biyar. Su Komanci sun saba su jira Bature ya harba ɗaya tak, sa'an nan su auka masa. Ran nan bindiga ta ci gaba da tashi, aka kashe su da yawa, sauran su ka watse. Kada ɗan makaranta ya manta cewa mutanen nan ƙasar kakanninsu su ke karewa, abin da ya zama nasara ga wani ya zama masifa gare su.

A cikin waɗanda su ka yi yaƙin nan akwai Samuel Walker, wanda aka soke shi da mashi amma ya rayu. Da yaƙi ya tashi tsakanin Amurka da Meksiko a 1846, aka ba shi kyaftin. Colt ya rubuta masa takarda yana tambayar ra'ayinsa, su ka sadu, Walker ya faɗa masa aibin bindigar bai rage kome ba. Ya ce a yi ta tashi shida, a faɗaɗa bakinta har ya kusa rabin inci, a kafa kunama a fili a yi mata kariya, a liƙa sandar danna dalma a jikin bututu don mahayi ya yi ɗuri ba tare da ya wargaza bindiga ba. Wani maƙeri da sai ya ce, wa ya koya wa soja ƙira? Colt ya karɓi maganar. A watan Janairu na 1847 Gwamnati ta ba shi kwangilar libarba 1,000, kowace a kan dala 25, watau wajen fam 5 na kuɗin Ingila a zamanin. Ba shi da ko gidan ƙira, sai ya kai aikin ga Eli Whitney ƙarami a Whitneyville. Aka kira bindigar da sunan Walker. Shi kuwa Walker, 'yan kwanaki kaɗan bayan da nasa guda biyu su ka iso hannunsa, aka kashe shi a yaƙin Huamantla, a watan Oktoba na 1847.

Sai an gwada a kan san na ƙwarai. Libarbar Walker ta yi ƙarfi ƙwarai, amma nauyinta ya kai laba 4 da rabi, bututunta inci 9, a jikin sirdi a ke rataya ta. Kuma da ta shiga hannun soja sai aibi biyu su ka bayyana. Na fari, gangar tana cin albarushi fiye da abin da ƙarfen zamanin ke iya jurewa, ga sojoji da yawa ba su taɓa riƙe irinta ba, waɗansu su cika rami har baki, waɗansu su sa dalma mai tsini a juye. Sai gangar ta fashe a hannun mai ita. Wajen 300 daga cikin 1,000 aka komo da su don gyara. Na biyu, in ta tashi, sandar danna dalma kan suɓuce ta faɗi, ta tokare ganga, bindiga ta cije. Har sojoji su ka riƙa ɗaure sandar da tsirkiyar fata.

A nan ne a ke gane maƙerin kirki. Colt yana iya cewa laifin sojoji ne, kuma da ya faɗi haka ba ƙarya ya yi duka ba. Maimakon haka sai ya gyara abin yadda ko wanda bai ƙware ba zai fi samun tsira. A 1848 ya fito da sabuwa, wadda a ke kira Dragoon. Ya gajarta ganga har albarushin da ta ke ci ya ragu da kashi ɗaya cikin shida, ya rage bututu zuwa inci 7 da rabi, ya sa wa sandar makama a ƙarshenta, ya kuma nemi ƙarfe mafi kyau. Gwamnati ta ƙara masa kwangila, da ita ya kafa nasa gidan ƙira a Hartford. Da aka sami zinariya a Kalifoniya jama'a su ka ɗunguma can a 1849, sai ya fito da wata ƙarama ta aljihu, wadda aka ƙera fiye da 300,000 irinta kafin a daina.

Yaya aka yi mutum ɗaya ya ƙera wannan adadi, alhali maƙerin gargajiya sai ya yi kwanaki a kan bindiga guda? Asirin injuna ne. A 1849 Colt ya ɗauko wani gwanin injiniya, Elisha Root, daga wani kamfanin ƙera gatura, ya biya shi albashi mai tsoka. Root ya tsara injuna, kowane da aikinsa guda: wannan ya buga ƙarfe ya fitar da siffa, wancan ya huda, wani ya goge. A 1855 aka gama babban gidan ƙira a bakin kogin Connecticut, aka yi masa ganuwa ta tare ambaliya, aka gina wa ma'aikata gidaje. Da yake inji ba ya gajiya kuma ba ya canza hannu, sai bindigogi su ka riƙa fitowa kusan iri ɗaya, kuɗin ƙera kowace ya ragu. Amfanin wannan ga mai saye shi ne, in wani ƙarfe ya karye yana iya aikawa a sayo masa irinsa, ba sai ya jefar da bindigar ba. Kuma a cikin akwatin bindigar a kan liƙa takarda mai bayanin yadda a ke ɗuri da yadda a ke wanke ta a shafa mai, don albarushin zamanin yana barin dauɗa mai jawo tsatsa. Watau Colt ya koyi darasin Meksiko: rabin amincin makami yana ga sanin mai riƙe da shi.

Amma ba za mu ɓoye muku ba, bakin Colt ya fi aikinsa tsawo. A 1851 ya kai bindigoginsa babban baje kolin duniya na London, ya cika Ingila da maganar cewa ƙarafan bindigoginsa duk ɗaya ne, a ɗauki na wannan a sa wa waccan. Ya buɗe gidan ƙira a Pimlico, bakin kogin Thames. A 1854 wani kwamiti na Majalisar Ingila ya yi bincike a kan ƙera makamai, ya ji ta bakin Colt, ya kuma ji ta bakin waɗanda su ka yi masa aiki. Su ka ce har yanzu sai gwani ya sa magagari ya daidaita ƙarafan kafin su zauna. Shaida kuwa tana jikin bindigar kanta, don a kan buga lamba guda a kan manyan ƙarafanta duka, saboda kada su gauraya da na wata bayan an daidaita su. Gwamnatin Ingila ta sayi dubbai lokacin yaƙin Kirimiya, amma hafsoshinta da yawa sun fi son libarbar wani maƙerinsu, Robert Adams, don bakinta ya fi faɗi, jikinta a haɗe ya ke, kuma ana harba ta da jan kunama kaɗai, abin da ya fi sauri in an yi gaba da gaba. A 1856 aka zaɓi ta Adams, Colt ya rufe gidan ƙirarsa na London.

Wani kuskuren ya fi wannan girma, kuma rashin sauraro ne ya jawo shi. Wani ma'aikacinsa, Rollin White, ya kawo masa dabarar huda ramukan ganga har su fita ta baya, don a riƙa sa harsashi ta nan. Colt, wanda ya saurari Walker sa'ad da ba shi da kome, yanzu da ya yi arziki sai ya ƙi kula shi. White ya karɓi takardar dabararsa a 1855, ya ba kamfanin Smith & Wesson izinin aiki da ita. Harsashin tagulla mai haɗe da albarushi da dalma shi ne ya gaji duniya, kamfanin Colt kuwa bai sami damar yin irin wannan ganga ba sai da wa'adin takardar ya ƙare a 1869.

Sai maganar kuɗi. Da yaƙin basasa ya tashi a Amurka a 1861, Colt, wanda ya yi ta sayar wa jihohin Kudu makamai har dab da fara yaƙin, ya juya ya riƙa sayar wa Gwamnatin Arewa libarbar soja a kan dala 25. A 1862 aka naɗa mutane su duba kwangilolin makamai, su ka ga ribar ta yi yawa, aka sauko da kuɗin zuwa dala 14 da rabi. Kamfanin Remington kuwa ya kai ga sayar da tasa a kan dala 12, ga ta da ƙarfi. Gwamnati ta sayi fiye da 120,000 na Colt, amma daga ƙarshen 1863 ta koma ga Remington. Hausawa kan ce araha ba ta ado, gaskiya ne. Sai dai tsada ma ba kullum ta ke shaidar kyau ba, wani lokaci shaida ce kawai ta cewa mai saye yana cikin matsi kuma ba shi da wani wurin zuwa. Colt bai ga ƙarshen wannan ba, ya rasu a watan Janairu na 1862 yana da shekara 47. A 1864 gobara ta cinye gidan ƙirar, matarsa Elizabeth ta sa aka sake gina shi.

Bayan rasuwarsa aka sake maimaita darasin. A 1892 sojan Amurka su ka karɓi sabuwar libarbar Colt mai lamba 38, lambar nan kuwa faɗin baki ta ke nufi, watau kashi 38 cikin 100 na inci. Ba ta da nauyi, tana da saurin ɗuri, kowa ya yaba. Da aka kai ta yaƙi a tsibiran Filifin daga 1899, musamman wajen karo da mayaƙan Moro, sai sojoji su ka riƙa kawo kuka cewa a kan harbi mutum sau uku ko huɗu bai faɗi ba, har ya iso da takobinsa. Bindigar tana tashi sarai, amma ba ta biyan bukatar da aka saye ta dominta. Dole aka tono tsofaffin libarba masu lamba 45 daga ma'aji. A 1904 aka sa hafsoshi biyu, Thompson da LaGarde, su binciki al'amarin, su ka ce kada a ba soja abin da ya gaza lamba 45.

Daga nan Gwamnati ta ƙi yarda da bakin kowa, ta ce a zo a gwada. Aka yi shekaru ana gwaji, ana zubar da waɗanda su ka kasa, har saura biyu: ta kamfanin Savage, da ta kamfanin Colt wadda John Browning ya tsara. Wannan ba mai ganga ba ce, irin wadda ke ɗura wa kanta harsashi ce da ƙarfin tashinta. A gwajin 1910 dukansu biyu su ka nuna aibi, aka ce kowa ya koma ya gyara. A watan Maris na 1911 aka sake tara su, aka ce kowace ta harba harsashi 6,000. Ta Savage ta sami tangarɗa sau 37. Ta Browning ba ta cije ko sau ɗaya ba. A ƙarshen watan aka zaɓe ta, ta kuwa zauna a hannun sojan Amurka har 1985, shekara 74 ke nan, sa'an nan aka maye gurbinta da ta kamfanin Beretta na Italiya. Shi kansa kamfanin Colt bai tsira daga juyin zamani ba, ya shiga halin karyewa a 1992 da 2015, a 2021 kuma wani kamfani na ƙasar Cek ya saye shi.

To, 'yan makaranta, da wuya waninku ya taɓa ƙera bindiga, ba mu kuwa yi muku fatan bukatarta. Amma waɗansunku za su zama maƙera da masassaƙa da magina, waɗansu kuma akawuna masu sayo wa hukuma kaya da kuɗin jama'a. Wanda ya zama mai sana'a ya tuna cewa Colt ya tashi ne ran da ya saurari Walker, ya gyara gangar da ke fashewa, ya kuma yi hasara ran da ya raina White. Mai kawo kukan kayanka ba maƙiyinka ba ne, gyara kayanka kuwa ba ya zama sauke mu raba. Wanda ya zama mai saye ya tuna da hafsoshin 1911, waɗanda ba su dubi suna ba, ba su dubi daɗin baki ba, sai da su ka ƙirga harsashi 6,000. Kafin ka ba da kuɗi, tambayi wanda ya daɗe yana aiki da abin, ka tambayi inda a ke samun ƙarafan gyaransa, ka kuma tambayi abin da mai shi zai yi in ka komo masa da shi a karye. In ya ɓata rai don ka yi tambaya, ka riga ka sami amsarka.